Turmin da Hansatu Ta Hana Ni

Da kakar bana matata Hansatu ta cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Mun binne ta ana tsakiyar cirar gyaɗa, ranar wata Laraba bayan la'asar, kuma har yau in na ji ƙanshin ɗanyar harawa a tsakar gida sai ranar ta dawo mini. Shekara talatin da biyu muka zauna tare a ƙauyenmu da ke kusa da Makoda. Ɗa ɗaya Allah ya bar mana, Nasiru, sauran ukun tun suna goye suka koma. Ni ba marubuci ba ne, karatuna na boko a aji shida ya tsaya. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, abin da nake yi shi ne in kai sadakar ƙosai masallaci, in yi mata addu'a, in koma ɗaki. Bana ne kawai na kasa yin shiru, domin akwai alkawarin da na ɗaukar mata, kuma wata biyu da suka wuce saura kaɗan in karya shi.

Waɗanda suka ci kasuwannin Makoda da Bagwai da ƙauyukan da ke tsakaninsu a shekarun baya za su iya tuna wani siririn mutum mai jar dara, da lasifika rataye a kafaɗa, yana shimfiɗa buhu kusa da masu awon hatsi. Mai Tsutsa ake ce masa. Ni ne. Da damina ina noma gero da gyaɗa kamar kowa, da rani kuma in zama mai maganin haƙori. Abu biyu nake yi. Na farko ina fitar wa mutane da tsutsa daga haƙori. Na biyu ina sayar da wani baƙin gari a ƙulle a leda, wanda nake rantsuwa yana faranta haƙori kuma yana hana shi ruɓewa har abada.

Bari in fara da tsutsar, tunda ita ce ta ba ni suna. Babu wata tsutsa. 'Ya'yan gautan kura nake busarwa, in zuba su da ɗan mai a kan ƙarfen da ya yi zafi a garwashi, in kife mazurari a kai, mai ciwon ya sa baki a tsinin yana zuƙar hayaƙi. A ƙasa akwai kwano da ruwa. Idan 'ya'yan suka ji wuta sai su fashe, wani ɗan farin zare ya fito daga cikinsu ya faɗa ruwan yana lanƙwashewa. Shi nake ɗagawa a kan tsinke in zagaya da shi cikin taro, ina cewa, "Jama'a ku gani da idonku, wannan ce ta hana bawan Allah barci!" Sai a yi ta salati. Ɗumin hayaƙin yakan ɗan kwantar da ciwon na yini ɗaya ko biyu, kafin ya dawo kuwa ni ina wata kasuwar. A wurin wani baƙo na koya tun ina saurayi, kuma tun ranar farko na san abin da nake yi.

Garin kuwa gawayi ne da gishiri da kanwa da ɗan kanumfari saboda ƙamshi. Amma abin da ke sa shi aiki nan take, wanda a lokacin ba na faɗa wa kowa, shi ne fasasshen tangaran. Nakan bi bola in tsinci ɓaraguzan faranti da kofuna, in daka su lukui, in tankaɗe. Wanda goro ya rina wa baki, in ya goga sau ɗaya sai ya ga fari ya fito, ya yi ta murna. Ni kuma don in nuna ba na tsoron kayana, kowace kasuwa sai na lakata da yatsa na dirje nawa haƙoran a gaban mutane, in washe baki in juya hagu da dama. A kan haka nake ƙara zagin man goge baki na kanti. Na ji wani a rediyo ya ambaci wani sinadari da ke cikinsa mai suna fulorayid, sai na riƙe sunan ina tsoratar da mutane da shi. Ina cewa yana kashe ƙarfin namiji, yana sa mantuwa. Wallahi ban san ko mene ne ba. Sunan ne kawai ya yi mini kama da abin tsoro.

Hansatu ta gano ni tun a shekarar farko ta aurenmu, kuma ba da bincike ba. Wata safiya na kawo ɓaraguzan tangaran a cikin hula na zube mata, na ce ta daka mini. Ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Malam, wannan a bakin mutane zai shiga?" Na ce aikin magani ba na mata ba ne, ta daka kawai. Sai ta kife turminta ta zauna a kai. Ta ce, "Turmin nan na abinci ne. Duk abin da ka kawo na ci zan daka maka, ko da tsakar rana ne. Wannan kam sai dai ka nemi wani wurin." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Daga ranar na koma bayan gida, gindin katanga, ina daka a kan wani faffaɗan dutse kamar ɓarawo. Shekara talatin da ɗoriya ina jin ƙarar taɓaryarta daga tsakar gida, ita ma tana jin ƙarar dutsena, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake dakawa.

Ita nata maganin a fili yake, kuma ba ta taɓa kiransa magani ba. Aswaki ne. Akwai darbejiya a tsakar gidanmu, akwai kuma wani marke a iyakar gonarmu da ta maƙwabta, daga su take yankowa. Tana da ƙa'idarta da ta koya a wurin kakarta: tsawon taƙi ɗaya, kaurin ƙaramin yatsa, reshen da bai tsufa ba bai kuma yi ɗanye shataf ba. Takan jiƙa shi a moɗa ya yi laushi, ta tauna kan har ya baje, ta goga daga dasashi zuwa ƙasa a hankali, ba ta dirza a kwance kamar mai wankin tukunya. Washegari ta datse kan da ya yi aiki ta buɗe sabo. Kowace alwala da aswakinta. In an sha koko ko an ci wani abu mai zaƙi, sai kowa ya kurkure baki kafin ya tashi daga tabarma. Nasiru yana yaro ya sha kuka a kan alewa, domin takan bar shi ya sha ɗaya bayan abinci, amma ba ta yarda ya yini yana tsotsa ba. Takan ce masa, "Sha ka gama, ka wanke baki. Bakin mutum ba gidan ƙudan zuma ba ne."

Kowace asuba kuma, in na fito alwala, sai in tarar da aswaki ɗaya a jingine da butata. Ba ta taɓa cewa in yi amfani da shi ba. Ni kuma ban taɓa cewa na gode ba. Wani lokaci in maƙala shi a kunne in tafi masallaci don a gani, wani lokaci in ture shi da ƙafa. Gani nake tsokana ce. Yanzu da nake fitowa in tarar da butar ita kaɗai a bakin ƙofa, na san ba tsokana ba ce.

Laifin da ya fi tsaya mini a rai na yi shi ne Nasiru yana da shekara takwas. Ina neman allura a cikin kwanukan jerenta sai na ci karo da ƙaramin man goge baki na kanti, an matse rabinsa. Ashe wata ma'aikaciyar ɗakin shan magani ce ta gaya wa mata cewa yana ƙarfafa haƙoran yara, Hansatu kuma ta saya da kuɗin ƙuli-ƙulinta, tana ɗiga ɗan kaɗan a kan aswakin yaron safe da yamma. Matar Mai Tsutsa! Na fito da shi tsakar gida ina huci. Na ce so take a yi mini dariya a kasuwa, so take ta kashe mini sana'a. Tana tankaɗe a lokacin, ba ta ajiye rariyar ba. Ta ce, "Malam, ni ban san abin da ke cikin wannan ba, gaskiya ne. Amma kai ka san abin da ke cikin naka, shi ya sa ban taɓa ganin ka ba Nasiru ba." Maganar ta shige ni har ƙashi, don haka na yi abin da mara gaskiya yake yi. Na tafi na jefa man a masai, na kwana uku ban ci tuwonta ba. Rana ta huɗu yunwa ta mayar da ni. Aswakina kuwa ko kwana ɗaya bai fasa zuwa gindin buta ba.

Ciwon ƙoda ne ya ɗauke ta. Kwana biyu kafin ta cika, da rana tsaka, ta ce a fitar da ita inuwar darbejiya. Nasiru ya tafi kiran ƙanwarta, mu biyu ne kawai. Ta ce, "Malam, ban taɓa tona ka a gaban yaron nan ba, kuma ba zan fara yau ba. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka koya masa." Na ce wace magana ce wannan, ta bari ta warke tukuna. Ta ce, "Ka ce ka yi alkawari." Na ce na yi. Sai ta ce in karyo mata reshe ɗaya, bakinta ba daɗi. Na karyo, ta duba, ta ce ya yi kauri, har ta ɗan yi dariya. Matan da suka yi mata wanka sun fito suna faɗa wa juna cewa haƙoranta cif suke, ko ɗaya bai girgiza ba. Ina zaune a zaure na ji su, na sunkuyar da kai.

Da zan so in rubuta cewa rasuwarta ce ta sa na tuba na bar kasuwa. Ba haka aka yi ba. Shekara uku na ƙara ina yi. Bakina ne ya kore ni. Haƙoran da na yi shekaru ina dirzawa a gaban jama'a suka zama rawaya, suka gajarce, suka fara tsagewa. Ruwan randa ya gagare ni, sai an ɗan ɗumama. Rake da gasasshiyar masara na manta da su. Goro ma sai na goga a magogi kamar tsohon da ya shekara casa'in. Wata rana a Bagwai na washe baki yadda na saba, sai wani mai awon dawa ya ce, "Mai Tsutsa, rufe mana, kada ka kori masu sayen hatsi!" Aka bushe da dariya. Na naɗe buhuna, ban sake komawa ba. Ga mutane na ce tsufa ne ya zaunar da ni, ga Nasiru ma haka na ce.

Shi ne ya kai ni wurin likitar haƙori a birni, wata yarinya da ba ta wuce sa'arsa ba. Ta leƙa bakina da fitila ta ce, "Baba, da me kake goge baki?" Nasiru yana tsaye, don haka na ce da aswaki. Ta ce, "Aswaki ba ya yin wannan." Da ya fita karɓo magani sai na gaya mata gaskiya, ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa. Ba ta zage ni ba. Ta ce haƙori yana da wata farar riga mai tauri, ita na kankare, kuma ba ta sake tsirowa. Ta ce ruɓewa ba tsutsa ba ce, ragowar zaƙi ne ke kwana a baki, ƙwayoyin da ido ba ya gani su mayar da shi tsami, tsamin ya ci haƙori a hankali. Fulorayid ɗin da na yi shekaru ina zagi, ta ce taimakon rigar nan yake yi ta jure tsamin. Kanumfari yana kwantar da zafi amma ba ya toshe rami. Na tambaye ta aswaki fa. Ta ce yana share baki sosai ga wanda ya iya kuma ya dage, musamman in ya rage zaƙi, amma ita ba za ta ce a yar da man ba, a haɗa su ya fi. Sai na ba ta labarin Hansatu, da ɗigon man a kan aswakin yaro. Ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Kai Baba, ai da ita ka bar wa lasifikar."

Nakan zauna a inuwar darbejiyar nan in yi tunanin abin da Hansatu za ta ce da ta ga yau. Kantin ƙauyenmu da a da sai gishiri da ashana da kananzir, yanzu rabinsa alewa ne da biskit da lemon roba. Yara suna tafiya makaranta da tsinken alewa a baki, su dawo da wani. Shayi ba ya shayuwa sai cokali ya tsaya a ciki. Na ga yarinya 'yar shekara biyar da haƙoran gaba baƙi ƙirin kamar an ƙona. Marken iyakar gona kuwa da ƙyar na hana maƙwabta sare shi su yi gawayi. Ina jin ba za ta yi dogon surutu ba. Za ta yanko aswaki ne ta bi yaran da shi ɗaya bayan ɗaya, iyayensu suna jin haushi suna kuma jin kunyarta. Amma abin da ban taɓa zaton za ta gani ba, ko ni in gani, shi ne ranar da garina zai dawo da sabuwar riga.

Nasiru yana zaune a birni, a unguwar Rijiyar Zaki, da matarsa da 'yarsu, wadda ya sa wa sunan uwarsa, muna kiranta Ummi. Kayan waya yake sayarwa kusa da jami'a. Wata biyu da suka wuce ya zo da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba. Ya zauna kusa da ni ya buɗe waya, ya nuna mini 'yan mata da samari masu ilimi suna goge baki da baƙin gari daga cikin kyawawan kwalabe. Ya ce, "Baba, ka ga abin da ake yayi yanzu? Gawayi ne fa! Kowa gudun fulorayid yake, wai na gargajiya ake so. Ɗalibai oda suke yi ta waya. Ai kai ka riga su da shekara arba'in, mutane ne ba su gane ka ba." Sai ya zaro wata 'yar roba mai murfi daga aljihu. An manna mata takarda, ga hotona da jar dara, an rubuta Garin Baba. Ya ce haɗin kawai zan koya masa, sauran aikin nasa ne.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi ba ni kunya. Ban ce a'a ba. Na riƙe robar nan ina kallon hotona, wani daɗi yana ratsa ni. Wanda bai zauna shi kaɗai a gida mai ɗaki huɗu ba, ba zai gane ba. Abincina daga gidan ƙanena ake aiko shi a rufe, in ci, a zo a ɗauki kwano. Sai in yini ban yi magana da kowa ba in ba gaisuwar masallaci ba. Shekara takwas babu wanda ya nemi wani abu a wurina. Yau ga ɗana ya zo yana cewa ni na riga kowa, yana cewa zai riƙa zuwa duk mako ɗaukar kaya. Duk mako! Na ce masa ya ba ni kwana bakwai in haɗa. Na gaya wa kaina ai ba koya masa zan yi ba, ni zan riƙa haɗawa in ba shi, alkawari bai karye ba. Mai son ya yaudari kansa ba ya rasa hanya, ni kuwa na yi shekaru ina yaudarar kasuwa guda.

Na bi bola na tsinto tangaran. Na je bayan gida, sai na tarar dutsen nan ƙanena ya ɗauke ya sa a gindin rumbu. Ina dawowa tsakar gida idona ya faɗa kan turmin Hansatu. Yana nan a kife a gefen madafa tun ranar da aka share makoki, ban bari kowa ya taɓa shi ba. Na ce a raina yanzu ai babu mai hana ni. Na tayar da shi, na kakkaɓe yanar gizo, na zuba ɓaraguzan, na ɗauko taɓarya. Cikinsa ya yi sumul saboda shekarun daka, har yanzu da ɗan ƙanshin daddawa. Na ɗaga taɓaryar na kasa saukewa. Ba wata murya na ji ba, ba kuma mafarki na yi ba. Na tuna ne kawai yadda ta zauna a kansa tana amarya, ƙafafunta ba su ma kai ƙasa sosai ba, tana gaya wa mijin da ya girme ta da shekara goma cewa turmin nan na abinci ne. Na kwashe tangaran ɗin ɗaya bayan ɗaya da hannu, har ɗaya ya yanke ni.

Ranar da Nasiru ya dawo, ya zo da robobi cike da jaka. Tun kafin ya zauna yake cewa, "Baba, har bidiyo za mu yi. Ummi za ta goge a gaban kyamara, a ga jikar mai abin ma da shi take amfani." Na ce ya zauna. Na shimfiɗa buhuna na da a gabansa, na jera gawayi da gishiri da kanwa, sannan na zube ɓaraguzan faranti. Na hura garwashi, na ɗora ƙarfe, na zuba 'ya'yan gautan kura ba tare da bakin kowa a kan mazurari ba. Tsutsotsi suka zubo cikin ruwa. Sannan na buɗe bakina na ce ya duba da kyau, wannan ba tsufa ba ne.

Ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ce, "Inna ta sani?" Na ce ta sani tun kafin a haife shi. Ya ce, "Ba ta taɓa gaya mini ba." Na ce ta rufa mini asiri ne, kuma ta roƙe ni kada in koya masa, ni kuma saura ƙiris in yi. Na gaya masa har da man da na jefa a masai. Ya ce, "Na tuna. Ce mini ta yi ɓera ne ya ɗauke."  Ya kwashe robobinsa, ya ce, "Sai an jima, Baba," ya hau babur. Dambun da matar ƙanena ta yi masa yana nan a rufe har ya huce.

Mako biyar bai kira ba, ni ma ban kira ba. Ban ga laifinsa ba. Yaro ya tashi yana alfahari ubansa mai magani ne, rana ɗaya aka nuna masa kwanon ruwa. A cikin makonnin nan na gane cewa na sarayar da zuwansa na duk mako da na yi ta ɗoki, kuma wataƙila har da na sallah. Na auna abin sau da yawa. Ban yi nadama ba, amma ba zan ce da sauƙi ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce wani direban bas da ke bin hanyarmu ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo mini wata 'yar jakar leda. Babu komai a ciki sai guntun takarda da rubutun Nasiru. Babu gaisuwa. Cewa ya yi, "A cika mana da irin na Inna. Ummi ta fara famfara."

Na ɗauki wuƙa na tafi gona. Na yanko daga marke, na ƙara da darbejiya, tsawon taƙi, kaurin ƙaramin yatsa, duk wanda na ga za ta ce ya yi kauri na ajiye shi gefe. Na rubuta masa yadda ake jiƙawa da yadda ake datse kai, da maganar kurkure baki bayan zaƙi. Sannan na hau babur zuwa Makoda na shiga wani kanti na ce a ba ni ƙaramin man goge baki na yara. Mai kantin tsohon ɗan kasuwa ne, ya san ni. Ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Mai Tsutsa da kansa?" Na ce da kansa. Ya ce, "Ba ka tsoron mantuwa?" Na ce ai ita nake nema ban samu ba. Na sa man a tsakiyar aswakin na ɗaure, na ba direban da ya biyo zai koma birni.

Ku da na taɓa ɗora wa baki a kan mazurari, ko na sayar muku da baƙin gari, in kuna raye kuna karanta wannan ko ana karanta muku, babu tsutsa, kuma tangaran ne. Wanda ciwonsa ya yi tsanani saboda na ce masa ya warke, ban san adadinku ba, Allah ya sani. Ku yafe mini don Allah. Wanda yake da ciwo yau ya je asibiti, kada ya tsaya wurin irina, ko a kan buhu yake ko a cikin waya.

Ni na yi shekara arba'in da lasifika, abin da zan bari shi ne sunan tsokana da bakin da ba ya iya tauna goro. Hansatu ba ta taɓa magana a gaban mutum goma ba. Ta bar itace biyu a tsaye, da ɗa mai haƙora talatin da biyu, da jikar da za ta koyi riƙe aswaki yadda kakar kakarta ta riƙe. Nasiru bai kira ba har yanzu, ban kuma san ranar da zai kira ba. Turmin na wanke shi na ba matar ƙanena, jiya na ji tana daka gero a ciki. Da yamma nakan yanki aswaki ɗaya in jiƙa, in farfasa kansa da dutse tunda ba na iya taunawa, in jingina shi da buta. Da asuba in na fito na gan shi, nakan ce na gode, ko da yake na makara da shekara arba'in da uku. Allah ya jiƙan Hansatu, ya sa ta huta.